Wa ke riƙe da ragamar agajin gaggawa, kuma ina matsayin ƙasashen da ake kai wa agajin?

Baban Zainab:
Assalamu alaikum. Ina so mu tattauna wani batu da nake ganin bai kamata a bar shi ga ma'aikatan agaji su kaɗai ba. Tun daga watan Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da akasarin tallafin da take bayarwa a ƙetare, har abin ya kai ga rufe hukumarta ta USAID, labarin da muke ji daga Borno har zuwa Darfur iri ɗaya ne: an rufe cibiyoyin kula da yara masu tamowa, an rage abincin da ake rabawa, an sallami ma'aikata. A watan Afrilun shekarar, ofishin OCHA, wanda ke da alhakin haɗa kan ayyukan agaji a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya sanar da cewa zai rage kashi 20 cikin ɗari na ma'aikatansa, kuma Najeriya da Kamaru suna cikin ƙasashen da ya ce zai taƙaita aikinsa a cikinsu.

Wannan tsari ba jiya aka kafa shi ba. Ƙuduri mai lamba 46/182 da Babban Zauren Majalisar ya amince da shi a Disambar 1991, bayan ruɗanin da aka yi wajen kai ɗauki ga Kurdawan arewacin Iraƙi, shi ne ya samar da muƙamin babban jami'in haɗa kan agajin gaggawa, da kwamitin da ke tara hukumomin Majalisar da Red Cross da manyan ƙungiyoyi masu zaman kansu a ƙarƙashin inuwa ɗaya, da asusun ko-ta-kwana, da kuma tsarin neman kuɗi da murya ɗaya maimakon kowace hukuma ta fita da nata ƙoƙon barar. A cikinsa an rubuta ƙarara cewa ƙasar da bala'i ya auka wa ita ce ke da babban nauyin fara agajin da tsara shi da gudanar da shi, kuma da yardarta ake shiga.

To, bayan fiye da shekara 30, idan har shawarar da gwamnati ɗaya ta yanke a Washington za ta iya rufe ɗakin shan magani a ƙauyen Borno cikin 'yan makonni, wane irin haɗin kai aka gina? A nawa ganin an ƙware wajen tsara motoci da jirage da tarurruka, amma ikon cewa ga inda kuɗi zai tafi, ga kuma lokacin da zai tafi, yana nan a hannun ƙasashe ƙalilan.

Tsohon Ma'aikacin Agaji:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ban musa maganarka ta ƙarshe ba, amma ina gudun kada mu raina abin da ka kira tsara motoci da jirage, domin rayuka da yawa a kansa suka rataya. Kafin gyaran da aka yi a 2005, idan aka bar wani fanni babu mai kula da shi, babu wanda za a tuhuma. A Darfur a 2004 an yi jinkirin isa, bayan igiyar tsunami ta Disambar wannan shekarar kuwa ƙungiyoyi suka yi cincirindo a wasu garuruwan gaɓar teku, wasu wuraren kuma aka daɗe ba a leƙa su ba. Daga nan ne aka raba aikin fanni-fanni, aka ɗora wa kowane fanni jagora: Hukumar Lafiya ta Duniya ta riƙe lafiya, UNICEF ta riƙe ruwa da tsafta da abinci mai gina jiki, hukumar abinci ta duniya WFP ta riƙe sufuri da sadarwa, hukumar 'yan gudun hijira UNHCR kuma ta riƙe kariyar waɗanda rikici ya raba da gidajensu. An fara gwada tsarin ne a girgizar ƙasar Pakistan ta Oktoban 2005.

Na yi aikin sito da jigila a arewa maso gabas, kuma na ga amfaninsa da idona. Akwai takarda guda da kowa ke cikewa, wadda ke nuna wace ƙungiya ce ke yin wane aiki a wane sashe na wane sansani. Idan aka duba aka ga ƙungiyoyi uku suna gina masai a ɓangare ɗaya na Monguno, alhali wani ɓangaren ko famfo babu, a zaman mako ake warware abin, ɗaya ta kwashe kayanta ta koma can. Garuruwa irin su Rann da Ngala da Banki kuwa, jirage masu saukar ungulu na Majalisar ne ke kai ma'aikatan kowace ƙungiya, babba da ƙarama, musamman Rann da damina ke yanke ta daga ko'ina. Babu ƙungiyar da za ta iya ɗaukar wannan nauyi ita kaɗai.

Ɗan Maraɗi:
Ranka ya daɗe, shekarar 2005 da ka ambata mu a Nijar da wani abu daban muke tuna ta. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, farin dango kuma ya yi ɓarna a gonaki da wuraren kiwo. Tun kafin shekarar ta fita gwamnati da hukumomin Majalisar sun san akwai giɓin cimaka. A watan Mayun 2005 Majalisar ta nemi dala miliyan 16, amma masu ba da tallafi ba su motsa sosai ba sai a watan Yuli, da gidajen talabijin na Turai suka nuna hotunan yara a cibiyar ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da ke Maraɗi. Jan Egeland, wanda ke riƙe da muƙamin babban jami'in agajin a lokacin, da kansa ya koka cewa jinkirin ya ninka kuɗin ceton kowane yaro ninkin ba ninkin.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne hatsi bai ƙare a kasuwa ba. Maraɗi da Damagaram, inda tamowar ta fi tsanani, yankunan noma ne. Gero yana nan a kasuwa, farashinsa ne ya fi ƙarfin talaka, a daidai lokacin da dabbobi suka rame darajarsu ta faɗi, ta yadda makiyayi zai rabu da dabbar da a da take sayo masa buhu, ya dawo gida da 'yan tiyoyi. Gwamnati da masu ba ta tallafi suka tsaya a kan sayar da hatsi a farashi mai rahusa, wai don kada rabon kyauta ya ɓata kasuwa, alhali magidancin da ya riga ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ba shi da ko kuɗin rahusar. Sai a watan Agusta aka shiga rabon kyauta gadan-gadan, Shugaba Tandja kuma yana cewa babu yunwa a ƙasar. Saboda haka ba rashin haɗin kai ne ya cuce mu ba. Gwamnati da hukumomi da masu kuɗi duk suna zama tare, sai dai sun haɗu ne a kan shawarar da ba ta dace ba, kuma babu mai noman gero ko mai kiwon akuya a wurin da zai ce musu a'a.

Tsohon Ma'aikacin Agaji:
Gaskiya ne, ɗan'uwa, kuma irin abin da ya faru a Nijar yana cikin dalilan da suka sa aka sake fasalin asusun ko-ta-kwana a ƙarshen 2005. A da bashi asusun ke bai wa hukumomi, sai aka mayar da akasarinsa kyauta, aka sa masa burin dala miliyan 500 a shekara, don a iya fitar da kuɗi cikin kwanaki ba tare da jiran kyamara ta iso ba. A 2016 aka ɗaga burin zuwa dala biliyan 1, amma har yau ba a taɓa tara hakan ba. Ba zan ɓoye ba, gyaran bai hana Somaliya ta 2011 ba. An yi watanni ana gargaɗi, ba a ayyana yunwa ba sai a watan Yuli, kuma binciken da aka yi daga baya ya ƙiyasta cewa mutum kusan 260,000 suka rasu, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma kusan rabin mace-macen sun auku ne kafin a ayyana yunwar. Masu hasashe sun yi aikinsu. Masu sakin kuɗi ne suka jira hujjar da ba ta zuwa sai an fara binne yara.

Maman Yusra:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Ni a Maiduguri nake, ina aiki da wata ƙaramar ƙungiyar mata, kuma zan so in ƙara wa maganar Ɗan Maraɗi ƙarfi a kan wanda ake zama da shi da wanda ake bari a waje.

Ranar 10 ga Satumban 2024 muka wayi gari madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Fori da babbar kasuwa da fadar Shehu, har asibitin koyarwa bai tsira ba. Waɗanda suka fara ciro mutane daga kan rufin gidaje su ne samarin unguwa, da masu kwale-kwale, da direbobin manyan motoci, da sojoji. Matan unguwannin da ke kan tudu suka ɗora manyan tukwane a ƙofar gidajensu, wannan ta kawo shinkafa, waccan ta kawo mai da itace, ana zubawa a leda ana kai wa sansanin Bakassi, wanda gwamnati ta rufe a 2021 amma dole ta sa aka sake buɗe shi. Manyan ƙungiyoyi sun zo, kuma sun yi aikin da ba za mu iya ba, musamman wajen tsaftace ruwan sha da daƙile amai da gudawa. Amma kwanakin farko, waɗanda su ne mafi hatsari, mutanen gari ne suka riƙe su.

A taron ƙoli na agaji da aka yi a Istanbul a watan Mayun 2016, manyan masu ba da kuɗi da hukumomi sun yi alƙawarin cewa kafin 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa ga ƙungiyoyi da hukumomin cikin gida, kai-tsaye gwargwadon iko. Shekarar ta zo ta wuce, abin da ke zuwa kai-tsaye bai kai ko kashi biyar ba. Yadda abin yake a aikace shi ne, wata babbar ƙungiya ta waje za ta karɓi kuɗin, ta cire nata kason na gudanarwa, sannan ta ba mu kwangilar wata shida. An taɓa ba mu irin wannan aiki babu kuɗin hayar ofis a ciki, babu albashin akanta, babu tanadin komai idan ma'aikaciyarmu ta ji rauni, alhali ƙauyukan da aka tura mu su ne waɗanda dokar tsaronsu ta hana nasu ma'aikatan shiga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu sai an gama tsara aikin ake kiranmu mu sa hannu.

Baban Zainab:
Hajiya, abin da kika faɗa an gani a Haiti bayan girgizar ƙasar Janairun 2010. Tarurrukan fanni-fannin nan da Yallabai ya yaba a cikin harabar Majalisar ake yin su, wurin da ɗan ƙasa ba ya shiga cikin sauƙi, kuma galibi da Ingilishi, a ƙasar da mutanenta ke magana da Kiriyol da Faransanci. Daga baya kwalarar da ta kashe dubban mutane ta ɓulla daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar, kuma sai a Disambar 2016 Ban Ki-moon ya nemi afuwar mutanen Haiti. Shekara shida ana jan ƙafa, saboda babu wata hanya da talakan Haiti zai bi ya tuhumi waɗanda suka zo taimakonsa.

Ɗalibar Shari'a:
Iyayena, ku gafarce ni in shigo da wata fuskar. Ana ta ɗora laifi a kan masu ba da kuɗi, amma ƙudurin da Baba ya kawo ya bai wa gwamnatocinmu babban matsayi, kuma ya kamata mu tambayi abin da suka yi da shi. A Satumban 2019 sojojin Najeriya sun rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps a arewa maso gabas, ba a ɗage matakin ba sai a ƙarshen Oktoba. A 2008 hukumomin Nijar sun dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maraɗi, a Fabrairun 2025 kuma aka umarci kwamitin Red Cross na duniya ya bar ƙasar. Ba ina cewa gwamnati ba ta da ikon sa ido a kan baƙin da ke aiki a ƙasarta ba ne, tana da shi. Tambayata ita ce, ranar da aka rufe ofishin, wa ya karɓi yaran da ke kwance? Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar Kampala a 2009 a kan 'yan gudun hijira na cikin gida, ta fara aiki a 2012, kuma Nijar ce ta fara mayar da ita dokar ƙasa a 2018. Wannan yarjejeniya gwamnatocinmu ta ɗora wa nauyi, ba Turawa ba.

Abu Sumayya:
'Yata, tambayarki ta taɓo inda yake mana ciwo. Ni Bahaushen Sudan ne, dangina suna yankin Sinnar, kuma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 muke ganin yadda sharaɗin neman yardar gwamnati ke zama tarko idan gwamnatin ita kanta tana cikin masu faɗa. Majalisar Ɗinkin Duniya hukumomin da ke Port Sudan ta sani a matsayin gwamnati, don haka da suka rufe mashigar Adre ta kan iyakar Chadi a Fabrairun 2024, motocin Majalisar suka tsaya, ko da yake ba sojojin gwamnati ne ke riƙe da ɗaya ɓangaren iyakar ba. Ba a buɗe ta ba sai a tsakiyar Agusta, bayan an riga an tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam da ke kusa da El Fasher. Dakarun RSF da ke yaƙi da sojojin gwamnati kuma a nasu ɓangaren sun wawushe rumbunan agaji, har da na WFP a Wad Madani a Disambar 2023.

Abin da ya riƙe mutane a Khartoum da Omdurman shi ne ɗakunan agajin gaggawa da matasan unguwanni suka kafa, da kuma takaya, wato wuraren dafa abinci na jama'a, inda ake dafa wake ko adas a manyan tukwane kowa ya zo da kwanonsa. Akasarin kuɗin daga 'yan'uwa mazauna ƙetare yake zuwa ta manhajar banki a waya, shi ya sa lokacin da aka katse intanet a Fabrairun 2024 tukwane da yawa suka sauka. Waɗannan matasa ba su da rajista, ba su da asusun banki na ƙungiya, saboda haka ƙa'idojin manyan masu ba da kuɗi ba su san da zamansu ba sai daga baya, ta hannun 'yan tsakiya. Da Amurka ta janye a farkon 2025, ɗaruruwan takaya suka rufe. Kuma ɓangarorin biyu duk sun kama wasu daga cikin matasan, kowane yana zarginsu da yi wa ɗayan aiki.

Bazamfare:
Ni tambayata gajera ce, kuma Yallabai tsohon ma'aikaci nake so ya amsa. Me ya sa shirin agajin da Majalisar ke fitarwa kowace shekara don Najeriya ya tsaya a Borno da Adamawa da Yobe? A Zamfara da Sakkwato da Katsina 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka, sun hana noma, mutane suna kwana a makarantu da kangwaye. MSF ta daɗe tana kiran a sa arewa maso yamma cikin shirin, kuma a Yulin 2025 ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Katsina cikin watanni shida na farkon shekarar. Idan da gaske buƙata ce ma'auni, yaron Jibiya da yaron Bama ai yunwarsu ɗaya ce.

Tsohon Ma'aikacin Agaji:
Ɗan'uwa, ba ni da amsar da za ta gamsar da kai, sai dai in faɗi yadda abin ke tafiya. Shirin ba ya fita sai da fahimtar gwamnatin tarayya, kuma an daɗe ana kallon matsalar arewa maso yamma a matsayin ta'addancin ɓarayi da talauci, wato aikin gwamnati da hukumomin raya ƙasa, ba na masu agajin gaggawa ba. Na biyu, hukumomin suna tsoron idan suka faɗaɗa shirin alhali kuɗin bai ƙaru ba, abincin Borno za a raba biyu. Na uku, kuma shi ne ya dawo da mu kan maganar Malam, akasarin kuɗin da ake bayarwa yana zuwa ne da tambari: mai bayarwa ya riga ya ce ga ƙasar, ga fannin, wani lokaci ma ga hukumar da za ta kashe. Jami'in haɗa kai ba shi da ikon ɗauko shi daga nan ya kai can, kuma ba shi da ikon ba WFP ko UNICEF umarni, lallashi kawai yake yi. A 2022 roƙon da aka yi don Yukiren ya samu mafi yawan abin da aka nema, a 2023 kuwa jimillar roƙon duniya bai samu ko rabi ba. A Yunin 2025 Tom Fletcher, babban jami'in agajin gaggawa na Majalisar, ya fito da taƙaitaccen shiri na dala biliyan 29 don mutum miliyan 114, wato an zauna an zaɓi waɗanda za a fara ceta, sauran sai yadda hali ya yi.

Ɗan Maraɗi:
Shi ya sa nake ganin buƙatar ƙasashe irin namu ba ƙarin buhuna daga ƙetare ba ce, kuɗin da aka tanada tun kafin bala'in ne, tare da ƙa'idar sakinsa da kowa ya sani. Fari a Sahel ba baƙo ba ne. Ƙungiyar yaƙi da fari ta ƙasashen Sahel, CILSS, tun 1973 aka kafa ta saboda shi, cibiyar Agrhymet tana Yamai tana auna ruwa da amfanin gona, kuma kafin a gama kaka an san yankunan da za su shiga wahala idan bazara ta yi. A 2010, da sojojin Salou Djibo suka fito fili suka ce akwai yunwa, agaji ya zo da wuri fiye da na 2005, duk da cewa giɓin shekarar ya fi girma. Faɗin gaskiya kawai ya sayo watanni.

Akwai kuma inshorar fari da Tarayyar Afirka ta kafa a 2012, mai suna ARC, inda ƙasa ke biyan kuɗi a shekara, idan ma'aunin ruwan sama ya faɗi ƙasa da wani mataki a biya ta ba tare da roƙo ba. A farkon 2015 ta biya Nijar da Senegal da Muritaniya kimanin dala miliyan 26. Ba ta rasa aibu ba, domin a Malawi a 2016 lissafinta ya ce babu fari sosai alhali gonaki sun ƙone, sai da aka sake dubawa sannan aka biya, a makare. Duk da haka wannan hanya ta fi mutunci, kuma idan kuɗin ya zo da wuri, a kasuwannin Maraɗi da Dawanau za a sayi geron da mutane suka saba ci, maimakon a jira jirgin ruwa ya yi watanni a hanya.

Maman Yusra:
Na yarda da sayen hatsi a gida da kuma bai wa mutane kuɗi a hannu, domin mace ta fi kowa sanin ko magani take buƙata yau ko garin masara. Amma a lura da abu biyu. Inda hanya ta rufe kuma 'yan kasuwa ƙalilan ne ke shigo da kaya, ranar da kuɗin ya shiga katin mutane ranar farashin mudu ke tashi. Sannan rajista ita ce komai: matar da ta iso sansani bayan an rufe ɗaukar suna za ta iya yin watanni tana cin arzikin maƙwabta, ko da ta fi kowa buƙata, saboda wanda ke da ikon ƙara sunanta ba ya garin.

Ɗalibar Shari'a:
Baba Ɗan Maraɗi, kuɗin inshorar nan daga baitulmali zai fito, kuma a nan ne nake ganin ba za a raba batun agaji da batun bashi da sauyin yanayi ba. Hukumar ciniki da raya ƙasa ta Majalisar, UNCTAD, ta ce a 2023 mutum biliyan 3.3 suna zaune ne a ƙasashen da ke kashe kuɗi a kan ruwan bashi fiye da yadda suke kashewa a kan lafiya ko ilimi. Ambaliyar Pakistan ta 2022 ta shafi mutum miliyan 33, an ƙiyasta ɓarna da asara a kan kimanin dala biliyan 30, amma asusun biyan asarar sauyin yanayi da aka amince da shi a Sharm el-Sheikh a wannan shekarar, alƙawuran farko da aka yi masa a Dubai a 2023 ba su wuce kimanin dala miliyan 700 ba. Alƙawarin ware kashi 0.7 cikin ɗari na arzikin ƙasa don tallafi kuwa tun 1970 yake, ƙasashe kaɗan ne suka cika shi, Birtaniya ma da ta taɓa cikawa ta sauko zuwa 0.5 a 2021, ta kuma sanar da saukowa zuwa 0.3.

Baban Zainab:
'Yata, alƙaluman nan daidai ne, amma ba zan so su zama mafaka ga ƙasa irin Najeriya ba. Halin Nijar ko Chadi, wadda ke ɗauke da ɗaruruwan dubban 'yan gudun hijirar Sudan a gabashinta, daban yake da namu. Muna da hukumar agajin gaggawa ta NEMA tun 1999, muna da hukumomin agaji na jihohi, muna da ma'aikatar jinƙai tun 2019, muna da asusun kula da muhalli da ake cire wa kaso daga asusun tarayya. Madatsar Alau ta taɓa yin ambaliya a 1994, don haka ba za a ce ba a san hatsarinta ba. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 bayan hukumomin hasashe na ƙasar nan sun yi gargaɗi tun farkon shekara. Gyaran madatsa da sayen abincin yara masu tamowa ba su fi ƙarfin kasafin kuɗinmu ba. Idan gwamnati tana son a saurare ta a wurin tsara agaji, hanya mafi sauƙi ita ce ta zo da nata kuɗin, a rubuce, inda majalisa da 'yan jarida za su iya bin sawunsa.

Tsohon Ma'aikacin Agaji:
Allah ya gafarta Malam, a kan wannan babu jayayya tsakaninmu. Abin da nake tsoro shi ne gaggawar miƙa ragama. Akwai garuruwan da mutane ke karɓar ma'aikacin lafiya saboda sun san ba na gwamnati ba ne kuma ba na soja ba ne, kuma ma'aikata sun biya wannan amana da rayukansu, kamar waɗanda suka rasu a Rann a Janairun 2017 lokacin da jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin bisa kuskure, da ungozomomi biyu na Red Cross da aka sace a garin aka kashe a 2018. Idan aka ce daga bana hukumar jiha ce za ta raba abinci a irin waɗannan wurare, wa zai tabbatar da cewa ƙauyen da bai zaɓi mai mulki ba zai samu rabonsa? Wa kuma zai biya kuɗin jirgin Rann idan damina ta sauka?

Maman Yusra:
Yallabai, jirgin dai a bar shi a hannun WFP, ba mu nemi tuƙa shi ba, kuma ni ma ba zan so jerin sunayen masu karɓar abinci ya koma hannun kansila ba. Amma akwai asusun agaji na Najeriya da OCHA ke gudanarwa tun 2017, wanda masu ba da tallafi ke zuba wa kuɗi babu tambari, kuma ƙungiyoyin gida suna iya karɓa daga gare shi ba tare da ɗan tsakiya ba. Idan kuɗin ya ragu, ta nan ya kamata mafi yawansa ya bi, a sa kuɗin gudanarwa a cikin kowace kwangila tamu kamar yadda ake sa wa na waje, a tsawaita ta ta wuce shekara, sannan a yi zaman mako na ƙananan hukumomi da Hausa ko Kanuri, a fassara wa baƙon. Wannan ba ya buƙatar sabon ƙuduri daga New York, jami'an da ke Abuja da Maiduguri suna da ikon yin akasarinsa. Bazamfare kuma, idan kana da alaƙa da wata ƙungiya a Gusau, ku fara haɗa alƙaluman ƙauyukan da aka tasa da sunayen makarantun da mutane ke kwana a ciki tun yanzu, domin a watannin ƙarshen shekara ake rubuta shirin baɗi.